Basir Ɗin Aro

Surukina Alhaji Ladan ya sauka Amurka a bazarar 1986, kuma tun daga filin jirgi har gidanmu da ke Laurel bai zauna a motar nan kamar sauran bayin Allah ba. Kishingiɗa ya yi a kujerar baya, a ɓari guda, wai yana so ya ƙare wa sararin samaniyar Turawa kallo. Na ce to, Baba.

Ganin jikarsa ya zo yi. Matata Rumasa'u ita ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa. "Yarinyar nan" yake ce mata, da shekarunta ashirin da tara da digirinta biyu. Ni kuwa Malam nake. A Zariya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a hanya ma lungu nake sakewa. Yanzu ga mu an cusa mu a gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya, bangon katako ne, ko atishawa ka yi sai na ɗaya ɗakin ya ce yarhamukallah.

Baba maɗinkin manyan riguna ne. Shekara arba'in ya yi a zaune a zaure da allura a hannu, mutumin da zama ne sana'arsa. Sai ga shi kwana huɗu a gidana bai zauna ba. A tsaye yake jin rediyo, a tsaye yake yi wa jaririya wasa, tuwo kuwa a kishingiɗe. Ranar da na kai shi ganin gari a jirgin Metro, duk kujerar da ta samu sai ya miƙa wa wani, har da wani ƙato da ya yi jika da shi. Wata Baturiya ta dafa ni ta ce ba ta taɓa ganin dattijo mai kirki irin wannan ba. Na fassara masa, ya ce haka tarbiyyarmu take. A salla kuwa, in an zo zaman tahiya, sai ka ga ya karkace gumi na keto masa. In ya shiga banɗaki sai ya share rabin sa'a, ni kuma in ƙure ƙarar talabijin don kada nishinsa ya iso falo.

Na san abin da ke damunsa. Rumasa'u ma ta sani. Babu wanda ya ce uffan, har sai da maƙwabciyarmu Kaneng ta shigo ganin jaririya. Nas ce, mutuniyar Filato, tana aiki a wani asibiti a Baltimore, kuma Allah bai hore mata rufa-rufa ba. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta dube shi na minti biyu, ta ja mu kicin.

"Basir ne," in ji ta. "Me kuke jira? Ku yi masa appointment."

Rumasa'u ta rufe fuska da mayafi kamar an zage ta.

Maganar asibiti ba ta je ko'ina ba. Da na kewaya na kewaya na ce ko za mu je a duba lafiyar kowa da kowa a gidan, Baba ya ce shi lafiyarsa ƙalau. An ba shi labari tun a gida cewa a asibitin Turawa tuɓe mutum ake yi, a ba shi wata riga da ba a ɗinke bayanta ba. Wannan ya ɓata masa rai sau biyu, na farko a matsayinsa na dattijo, na biyu a matsayinsa na maɗinki.

To ga inda matsalar take. Saura kwana goma sha shida ya koma, kuma ranar ba ta ɗaguwa, don izinin zamansa a nan yake ƙarewa. Tafiyar ta fi sa'a goma a kujera, ɗaure da bel. Wanda suka taho tare ya gaya wa Rumasa'u ta waya cewa a zuwan ma a tsaye Baba ya ƙetare teku, ma'aikatan jirgi na ta fama da shi, kuma da aka tilasta masa zama lokacin sauka sai da ya ga hawaye a idon tsohon. Ta ajiye wayar ta ce mini, "In ya koma a haka, jirgin nan zai kashe mini uba." Ban taɓa ganin ta tsorata haka ba, ni ma kuma hankalina ya tashi.

Kaneng ce ta kawo maganar wani likitan gargajiya ɗan ƙasar Sin da ke titin H a cikin Washington. Ta ce ba ya tuɓe kowa, wuyan hannu kawai yake taɓawa ya duba harshe, maganinsa kuma saiwoyi ne da sassaƙe irin na gida.

"Amma ka ji sharaɗina, Malam Sabo," ta ce. "Sai an san ko akwai jini, da kalarsa. In ja ne kaɗan, okay, a gwada. In baƙi ne, ko da igiya sai na kai shi emergency."

Da Baba ya ji an ce saiwoyi sai ya ce dama gwiwarsa ta hagu tana ɗan taɓa shi.

Ya kamata in faɗi sana'ata. Ni tafinta ne, a wani ginin gwamnati da ke Southwest nake aiki, ina juya jawaban manya daga Turanci zuwa Hausa. Abin alfaharina shi ne ban taɓa yar da kalma ɗaya a hanya ba. Da wannan taƙamar na shiga shagon Dakta Kwan.

Ƙamshin wurin ya yi kama da layin masu magani a kasuwar Sabon Gari. Bango guda duk 'yan akwatuna ne na katako, sun fi ɗari, ga busassun abubuwa a kwalabe da ban so in san asalinsu ba. Baba ya shaƙa ya ce akwai citta a nan, akwai kanumfari, waɗannan mutane sun san abin da suke yi. Dakta Kwan ɗan tsamurmurin tsoho ne mai tabarau. Ya nuna wa Baba kujera.

"Ka ce masa na gode," in ji Baba, "ba na zama a gaban masu ilimi."

Likitan ya dubi kujerar, ya dubi Baba. A tsaye ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ya lumshe ido ya daɗe. Ya sa shi ya fito da harshe. Sannan ya juyo gare ni da Turancinsa gajere, marar kwana.

"Tambaye shi, sau nawa yake bayan gida a mako? Da tauri ko da laushi?"

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a ƙeya. In dubi uban matata, in ce masa me? Na yi gyaran murya.

"Baba, yana tambaya ko abincin ƙasar nan yana karɓar ka."

"Alhamdulillahi. Ka ce masa yarinyar nan ta iya girki."

"Ya ce komai lafiya," na gaya wa likita.

"In ya yi, yana ganin jini?" in ji likita.

"Baba, wai ko kana kewar gida?"

"Kaɗan-kaɗan, musamman da safe."

Na buɗe baki zan ce "kaɗan, da safe", sai na tuna wannan amsar wata tambaya ce daban, wadda ni na ƙirƙiro. Na ce wa likita babu. Haka muka yi ta yi, shi yana tambayar abin da ke ƙasa, ni ina kai wa Baba gaisuwa. A ƙarshe ya ce a nuna masa inda ke ciwo, Baba ya nuna gwiwa.

Aka kwantar da shi a ɓari guda, abin da ya fi komai yi masa daɗi ranar, aka jera masa allurai tara a gwiwar da lafiyarta ƙalau. Bai ko motsa ba. Sai ma ya karɓi guda ya ɗaga ta a haske, ya ce in tambayi mutumin wane ne ya sayar masa da allura marar kafa, ta ina zare zai shiga? Wannan kam na fassara daidai, likitan ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da muka zo fita ya riƙe mini hannun riga.

"Jijiyarsa ta ce akwai zafi a ƙasa, bakinsa ya ce gwiwa," ya ce mini a hankali. "Ni kuma na yi tambaya mai kalma shida, kai ka faɗi mai kalma ashirin kana murmushi. Ba mahaifinka ba ne, ko?"

"Uban matata ne."

"Ah." Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa sunan wata cuta da ya sani. "Ba zan ba da magani a kan zato ba. Ka samo mini amsoshin."

Kwana biyu ina juya abin a raina. Rumasa'u ba za ta iya ba. Kaneng ta ce ita za ta tambaye shi kai tsaye, muka roƙe ta don girman Allah ta bari. Saura kwana goma sha biyu. Ranar Asabar bayan la'asar na tarar da Baba a bayan gidanmu, wurin ɗan filin ciyawa, yana tsaye yana kallon wani Bature na wanke karensa. Na tsuguna nesa kaɗan, na kafa ido a ƙasa. Abin da zan yi rashin kunya ne, amma na auna na ga in dai dole wani ya ji kunya a gidan nan, gara ni.

"Baba, a gafarce ni. Wata lalura ce ke damuna, ba ni da babba a ƙasar nan sai kai."

"Subhanallahi. Mece ce?"

"Basir ne, Baba."

Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncin shekara biyar. Can sai na ji muryarsa ta sauko ƙasa-ƙasa.

"Mai tsiro ne ko na ciki?"

"To, Baba, ni ma ban tantance ba."

"Mai tsiro ne," ya ce da tabbaci. "Ba kakan kwana uku, wani lokaci huɗu, ba ka zaga ba?"

"Haka ne, Baba."

"In ka zaga kuma kamar ana yanka ka da reza. Ka ga ɗan jini, ja wur, ba mai yawa ba, a ƙarshe-ƙarshe."

"Ja ne, Baba? Ba baƙi ba?"

"Ja mana! Kai da ciwonka ba ka san kalarsa ba? Kuma tun azumin bara ya tsananta maka. In ka ci yaji sai ka kwana kana da-na-sani."

Na ce wallahi kamar yana cikin jikina. Ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce yaran zamani ba ku da haƙuri da ciwo, amma kuma ɓoye shi wauta ce. Ya ce jibi in shirya, shi da kansa zai raka ni wurin mutumin nan mai allurai.

Kaneng ta ji rahoton kalar jini ta ce a je a gwada, amma idonta na kanmu. Ranar Litinin muka koma titin H, Baba a gaba, ni majinyaci a baya. Wannan karon ba a jira tambaya ba. Baba ya tsaya a tsakiyar shago yana zayyana ciwona dalla-dalla, da kwanakinsa da lokutansa, har da abin da nakan ji in na hau matakala. Ni kuma na fassara kalma da kalma, ban yar da ko ɗaya ba. Dakta Kwan ya riƙe wuyan hannuna yana sauraro, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Kai lafiyarka ta fi tawa," ya ce mini da Turanci. "Ce wa tsohon ba ka iya miƙa hannu ba, ya nuna maka yadda ake yi."

Baba ya yi tsaki ya ce ko wannan ma sai an koya mini, ya miƙa nasa. Likitan ya riƙe shi minti uku cur yana koya mini. Aka koya mini fito da harshe ma.

Ya buɗe akwatunansa ya auna saiwoyi da sassaƙe da wasu busassun furanni a ɗan ma'auni, ya ƙulla ƙulli goma a farar takarda. Kowane ƙulli a zuba masa ruwa kwano uku a tukunyar ƙasa, a dafa har ya koma kwano ɗaya, a sha safe da yamma. Ga wani garin daban na zubawa a ruwan ɗumi a zauna a ciki. Ban da yaji, ban da soyayyen nama, a yawaita ganye da ruwa. Ya ƙara mini da wani ɗan ƙunshi a ɓoye, ya ce shayi ne kawai, ni in riƙa shan wannan.

Shayin nan ko buɗe shi ban samu yi ba. Baba ya karɓe ragamar jinya gaba ɗaya. Shi ke dafawa, shi ke tacewa, gidan ya ɗauki wari kamar an jiƙa tsohon buhu. Ya cika kofi ya miƙo mini, ya tsaya a kaina. Na taɓa shan maɗaci ina yaro, amma wannan ya girme shi. Da na shanye ina hawaye, sai ya dubi sauran da ke tukunya.

"Bari in taya ka, Malam, kada ɗacin ya karya maka zuciya."

Ya cika nasa kofin har baki ya shanye, ya ce ba laifi.

Maganin an haɗa shi ne don cikin da ya kwana huɗu a ɗaure. Nawa cikin kuwa dama a sake yake. Jirgin ƙasan safe daga Laurel zuwa Union Station bai fi rabin sa'a ba, amma a makon nan na san tsawonsa taku-taku. Babu banɗakin da ban sani ba tsakanin tashar da ofishinmu. Shugabar sashenmu, Misis Olive, ta ga na tashi sau biyar a taro ɗaya, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce jinya nake yi. Ta ce ta wa? Na ce abin da ɗan wuyar bayani.

Da yamma kuma ga zaman ruwan ɗumi. Baba zai haɗa a babbar roba, ya tura ni banɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko ina jin yana ratsa ni. In na fito sai ya haɗa sabo, wai zai gwada ya ji ko garin bai lalace ba, ya shige ya rufe ƙofa. Yaji ya ɓace daga girkin gidan saboda lalurata. Rumasa'u takan kawo mini miyar ganye salam, ta ce "Sannu, maigida, ya jiki?" tana cije leɓe, har sai da na daina kallon ta in Baba na wurin.

Na rame. Wandona ya fara zamewa. Baba ya dube ni ya ce alamar magani na aiki ke nan.

Ranar da muka dafa ƙulli na takwas, na dawo daga aiki da yamma na buɗe ƙofa, sai na tsaya cak. Baba na zaune a tsakiyar falo a kan kafet, ya tanƙwashe ƙafafu, jaririya a cinyarsa, yana warware ɗinkin wata 'yar rigarta da ya ce injin ya cuce ta. Zama sosai, da dukkan nauyinsa. Rumasa'u na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, hawaye na zuba, ba ta ko share su.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, ya jikin naka?"

"Da sauƙi sosai, Baba."

"Na ga alama," in ji shi.

Ya koma gida a ranar da aka sa. Wanda ya zauna kusa da shi ya aiko mana cewa tun kafin jirgi ya tashi ya yi barci, sai da aka tashe shi cin abinci.

Bayan wata biyu wani ɗalibi ya zo daga Zariya da saƙo: buhu guda da kaset. A cikin buhun akwai ƙulle-ƙullen magani sun fi talatin, kowanne da sunan wanda ya aiko. Muka sa kaset ɗin muna cin abinci. Muryar mahaifiyata ce ta fara, tana faɗan me ya sa na ɓoye mata, sai a bakin suruki za ta ji. Sai gwaggona, da bayanin yadda ake shafa nata. Sai abokina na makaranta, wanda dariya ta hana shi gama gaisuwa. Sai wani dattijo da ban ma gane shi ba, yana cewa an sa ni a addu'a bayan sallar Juma'a, an kuma faɗi lalurar da sunanta don addu'ar ta tafi daidai. Ashe duk wanda ya je yi wa Baba barka da dawowa ya tambaye shi labarin Amurka, labarin da yake samu ke nan: yadda ya tarar da mijin 'yarsa a wahale, ya tsaya a kansa har Allah ya ba shi lafiya.

Na ajiye cokali. Ni da nake shirin zuwa gida hutun ƙarshen shekara da sabuwar kwat, a ce ga tafintan Washington. Rumasa'u ta kife a kan tebur, kafaɗunta na rawa.

A can ƙarshen kaset, bayan an yi ta ƙwanƙwasa na'urar ana tambayar ko tana ɗauka, sai muryar Baba ta fito. Ya kori yaran da ke kusa tukuna.

"Malam, ina gaishe ka, ina gaida yarinyar nan da 'yar ƙaramar. A zaure nake, riga ta uku ke nan a hannuna tun da na dawo. In ka je wurin mutumin nan karɓar naka, ka ƙara da ƙulli ashirin ka ba mai zuwa. Daga nan ma zan ci gaba da taya ka." Har na zaci kaset ya ƙare. Sannan ya ce, a hankali, "Abin da ka ɗauka, na san nauyinsa. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ranar Asabar na shiga jirgi na tafi titin H. Dakta Kwan ya ɗago tabarau ya gane ni, ya jawo ɗan ma'auninsa.

"Ya ciwon naka?" ya ce.

"Ya yi sauƙi ƙwarai," na ce masa. "Har ya koma ɗinki."